BABI NA UKU: TARIHIN GARIN WARRA DA MATSAYINSA A HARKAR YAWON BUƊE IDO A TAFKIN KAINJI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi tarihin garin Warra, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, tun daga zamanin da yake kasuwar bakin kogi har zuwa lokacin da ya wayi gari a gaɓar Tafkin Kainji. Haka kuma za a yi ƙoƙarin nuna irin baƙin da ruwa ya jawo wa garin a kowane zamani. Dalili kuwa shi ne, tun da aka datse kogin Kwara a shekarar 1968 ake kyautata zaton cewa garuruwan bakin tafkin za su zama wuraren yawon buɗe ido. Abin da babin zai nuna shi ne, Warra ta bunƙasa ƙwarai da gaske, amma kifi da kasuwa da mulki ne suka bunƙasa ta. Masu yawon buɗe ido kuwa, wasu wurare suka nufa, kuma akwai dalilai na tarihi da suka jawo haka.

3.1 Ƙasar Yawuri da Mazaunanta

Warra tana cikin Masarautar Yawuri, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku, wato Yawuri da Ngaski da Shanga. Garin yana gaɓar gabas ta tafkin, kudu da Yelwa, yana fuskantar ƙasar Bargu da ke tsallaken ruwa a Jihar Neja. A ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 an samu mutane kimanin 125,000 a Ƙaramar Hukumar Ngaski.

Masana tarihin ƙasar Hausa sukan sanya Yawuri cikin jerin Banza Bakwai. Ƙasa ce ta ƙabilu daban-daban. Akwai Gungawa, waɗanda suke kiran kansu Reshe, kuma sunan da Hausawa suka ba su ya samo asali ne daga kalmar gungu, wato tsibiri, saboda a tsibiran kogi suke zaune. Akwai Kambari, manoman tudu, waɗanda suka fi yawa a wajejen Ngaski. Sai Shangawa da Dukkawa da Lopawa, sai kuma Sarkawa, waɗanda su ne gwanayen su a kogin. Hausawa kuwa sun shigo ne ta hanyar fatauci da malanta da sarauta, har harshensu ya zama shi ne harshen kasuwa da na fada. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, wanda shi kansa ɗan Ngaski ne, ya yi nazari mai zurfi a kan daular Yawuri ta ƙarni na 19, kuma a littafinsa na shekarar 1978 ya yi bayanin yadda fataken Hausawa suka watsu a Afirka ta Yamma. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin waɗannan fatake, wato hanyar Gwanja ta fataucin goro, a wannan yanki take tsallake Kwara. Ke nan tun kafin zuwan Turawa mutanen gaɓar nan sun saba da baƙo, sun kuma san yadda ake cin abinci da fito da sauke ayari.

Tsohuwar hedikwatar daular ita ce Birnin Yawuri, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski. Bayan rikice-rikicen sarauta na ƙarni na 19, Sarki Abdullahi Abarshi ya mayar da gadon sarauta Yelwa a shekarar 1888.

3.2 Warra Kafin Zuwan Dam

Ba sabon gari ba ne Warra, ko da yake mazauninta na yanzu sabo ne. Shaidar da ta fi ƙarfi a rubuce ita ce ta Turawan nan biyu 'yan'uwan juna, Richard Lander da John Lander, waɗanda gwamnatin Ingila ta aiko don su gano inda Kwara take faɗawa. A shekarar 1830 sun taso daga Busa a cikin kwalekwale zuwa Yawuri, suna neman takardun Mungo Park, wanda ya halaka a ruwan Busa a shekarar 1806 jim kaɗan bayan ya wuce Yawuri. Sun yi makonni a birnin Sarki ba su samu abin da suka zo nema ba, sa'an nan suka gangaro. A labarin tafiyar tasu sun ambaci Warra a matsayin kasuwar da ta fi shahara a ƙasar Ngaski. Sun ce gari ne na unguwanni a tattare, kewaye da gajeriyar ganuwa ta ƙasa, kuma dubban mutane ne suke cin kasuwar daga Yawuri da Busa da Wawa da wasu wurare.

Wannan bayani yana da muhimmanci ta fuska biyu. Na farko, ya nuna cewa tun kusan shekara 140 kafin a gina dam, Warra mahaɗa ce tsakanin gaɓar gabas da gaɓar yamma, wato tsakanin Yawuri da Bargu. Na biyu, ya nuna cewa abin da yake tara jama'a a garin ciniki ne. Ba fadar babban sarki ke nan ba, ba kuma wani wurin ziyara ba. Kasuwa ce ta yi garin, kogi kuma shi ya yi kasuwar.

Kogin na wancan zamani ya bambanta ƙwarai da ruwan da ake gani a yau. Tsakanin Yelwa da Busa, Kwara ta rarrabu ne gida-gida, da gungu masu yawa a tsakiya, mafi girmansu shi ne Foge. Akwai duwatsu da wuraren da ruwa yake gudu da ƙarfi, waɗanda sai matuƙin da ya san hanya yake iya ratsawa. Sau biyu kogin yake kawowa a shekara. Akwai farin ruwa, wanda damina ta nan gida take kawowa, mai laka, wajen watan Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda yake tasowa tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratso Mali da Nijar, ba ya isowa sai cikin hunturu, bayan ya zubar da lakarsa a hanya. A kan wannan tsari Gungawa suka gina rayuwarsu. Da damina su noma gero da dawa da shinkafa, da rani kuma su yi lambun albasa a gefen ruwa, suna ban ruwa da hannu. Albasar Yawuri ta yi suna har a kasuwannin kudu. Wannan noman rani shi ne dukiyar mutanen gungu, kuma shi ne abin da suka fi yin asararsa daga baya.

3.3 Ginin Dam da Tashin Garuruwa

An fara aikin Madatsar Ruwa ta Kainji a shekarar 1964, zamanin gwamnatin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka toshe kogin a 1968, sa'an nan Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969. Babban maƙasudin aikin shi ne samar da wutar lantarki. An shirya wa tashar injuna 12, amma 8 aka kafa, masu ƙarfin megawat 760. Ruwan da ya taru a bayan madatsar ya zama tafki mai tsawon kusan kilomita 135, wanda ya malale ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,300. Ƙarshensa na arewa yana wajen Yelwa.

Kimanin mutane 44,000 aka tayar daga garuruwa da ƙauyuka fiye da 200. Wanda aka fi ambata a littattafai shi ne Busa, saboda gari ne na sarki, kuma an gina masa Sabuwar Busa da tituna da ofisoshi. Amma mafi yawan waɗanda aka tayar talakawan gungu ne da na gaɓa, kuma kaso mai yawa daga cikinsu mutanen Masarautar Yawuri ne. Warra tana cikin garuruwan da aka sake wa mazauni, shi ya sa har yanzu akan ji ana cewa Sabuwar Warra.

Da farko hukuma ta gwada biyan diyya da kuɗi don kowa ya gina nasa gidan. Da aka ga aikin ba ya sauri, ga kuma ruwa yana tafe, sai aka koma gina wa mutane gidaje. Wani Baturen Ingila mai zanen gine-gine, Robin Atkinson, shi ya tsara su. An yi su da bulon siminti, aka rufa su da wani irin kwano na siminti mai lanƙwasa, aka kuma yi ƙoƙarin kwaikwayon tsarin gidan gargajiya. A wajen masana gine-gine aikin ya samu yabo. A wajen waɗanda za su kwana a ciki kuwa, magana ta sha bamban. Sun koka da zafin ɗakunan da bazara da sanyinsu da hunturu, ga shi kuma idan rufin ya fashe mai gida ba shi da yadda zai gyara da kansa, sabanin ɗakin ciyawa. Da yawa sun gina ɗakunan ƙasa a gefen na gwamnati. Daɗin daɗawa, Bagunge da ya saba da lambu a bakin ruwa sai ga shi a tudu, a ƙasar da ta fi dacewa da noman Kambari. Kaburburan kakanni da wuraren al'ada duk suka kwanta a ƙarƙashin ruwa.

Akwai wani abu guda da ya faru a lokacin wanda ba a ɗauke shi da muhimmanci ba, amma daga baya ya zama masifa. Ba a sare dukkan itatuwan da ke cikin kwarin ba kafin ruwa ya hau. Wani sashe kawai aka share. Sauran suka mutu a tsaye a cikin ruwa, kututturansu kuma suna nan. Za a sake komawa kan wannan batu a gaba.

3.4 Kifi da Kasuwa a Sabuwar Warra

Abin da tafkin ya karɓe ta fuskar noma, ya mayar da wani sashensa ta fuskar su. A shekarun farko, ciyayi da itatuwan da suka ruɓe a ruwa sun zama abincin kifi, sai kifi ya yi yawa irin wanda ba a taɓa gani ba. An ƙiyasta cewa a shekarar 1971 an kama kusan tan 28,000 a tafkin. Labari ya bazu, masunta suka yi ta kwararowa: Sarkawa daga Argungu da sauran ƙasar Kabi, Nufawa daga kudu, Zabarmawa daga Nijar, har da mutanen Mali. Suka kafa tungaye a gefen ruwa, kowace tunga da sunan wanda ya fara sauka. Ana kama giwan ruwa da ƙarfasa da tarwaɗa da kurungu da faliya, a yi banda, a ɗaure a kwanduna da kwalaye, 'yan kasuwa su yi kudu da shi.

Warra ta ci moriyar wannan sauyi fiye da yawancin garuruwan gaɓar gabas, saboda tana daura da inda tafkin ya fi faɗi, ga ta kuma da tsohon sunanta na kasuwa. Jiragen katako masu inji suka maye gurbin kwalekwalen tuƙi a doguwar tafiya. Suna ɗauko mutane da hatsi da dabbobi da babura daga tungaye da kuma gaɓar Bargu, musamman wajejen Malale. Sana'o'in da suka rataya a kan jirgi suka samu: sassaƙa da gyaran inji da sayar da mai da dako da sayar da abinci a bakin mashaya. Da aka rarraba tsohuwar Ƙaramar Hukumar Yawuri aka fitar da ta Ngaski, sai aka ajiye hedikwatarta a Warra, ba a garin Ngaski ba, duk da cewa sunansa ta ɗauka. Wannan ya kawo sakatariya da ma'aikata da asibiti da makarantu.

Sai dai albarkar kifin ba ta ɗore yadda ta fara ba. Kafin ƙarshen shekarun 1970 abin da ake kamawa ya faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka samu a 1971. Masunta sun yi yawa, idon taru kuma ya yi ta ƙanƙancewa. Daga baya aka shigo da dala, wato babban taru mai ƙananan ido da ake ja daga gaɓa, wanda ba ya barin ko 'ya'yan kifi. A shekarun 1990 wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus ya yi aiki da sarakunan ruwa da masu unguwanni wajen ba da lasisi da hana jan dala, ya kuma yi yaƙi da kainuwar da ta gangaro daga sama ta fara toshe hanyoyin jirage. An samu sauƙi na wani lokaci.

3.5 Inda Yawon Buɗe Ido Ya Nufa

Ba abin mamaki ba ne a yi tsammanin tafki irin wannan zai jawo masu yawon buɗe ido, domin an ga haka a wata ƙasa. A kan kogin Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, an kammala madatsar Kariba a shekarar 1959, aka kuma tayar da mutanen ƙabilar Tonga fiye da 50,000. Garin Kariba, wanda asalinsa sansanin ma'aikatan dam ne, ya zama wurin hutu mai otal-otal da jiragen shaƙatawa da gasar kamun kifi. Amma idan aka lura, garin ma'aikata ne ya samu wannan rabo. 'Yan Tonga da aka tayar ba su ga komai ba sai kaɗan.

Kusan haka abin ya kasance a Kainji. Duk wani abu da zai jawo baƙo mai kuɗi a aljihu, a kudancin tafkin aka ajiye shi, kusa da madatsar. A Sabuwar Busa aka kafa cibiyar binciken tafkin, wadda daga baya ta zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, can kuma aka kafa kwalejin horar da ma'aikatan gandun daji. A shekarar 1979 aka haɗe gandun dajin Bargu da na Zugurma aka yi Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji, wanda shi ne na farko irinsa a Nijeriya, mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 5,300. Masaukin baƙinsa yana bakin kogin Oli, a ɓangaren Bargu. Saboda haka wanda ya taso daga Ikko ko Ilori ko Kaduna don ya ga dorina da gwanki da ɓauna, zai sauka a Sabuwar Busa, ya kalli madatsa, ya shiga daji, ya koma gida, ba tare da ya ji ko sunan Warra ba. Rabon jihohi ya ƙara raba gaɓoɓin biyu. Bargu tana Jihar Kwara har zuwa 1991 da aka mayar da ita Jihar Neja, Yawuri kuwa tana Jihar Sakkwato har zuwa wannan shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Tafki ɗaya ne, amma ba a taɓa samun gwamnatin jiha ɗaya da take kallonsa gaba ɗayansa ba.

A cikin Jihar Kebbi ma, idan ana maganar yawon buɗe ido, Argungu ake nufi. Bikin kamun kifinta ya faro tun 1934, kuma a shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Abin da Masarautar Yawuri take da shi da zai tsaya kusa da wannan shi ne bikin Rigata. Sunan aro ne daga Turanci, amma wasan kansa na gida ne. Bisa ga abin da ake ruwaitowa a baka, asalinsa farautar dorina ce da jaruman Gungawa suke yi a cikin kwalekwale da zago, wadda kuma take zama horon yaƙin ruwa. Da Turawa suka hana kashe dorina, sai abin ya koma wasan nuna bajinta da ake yi wa manyan baƙi. An farfaɗo da bikin a zamanin Gwamna Abubakar Atiku Bagudu, ƙarƙashin jagorancin Mai Martaba Sarkin Yawuri Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya hau gadon sarauta a 1999. Ana tseren kwalekwale da ninƙaya da raye-rayen ƙabilu da baje kolin amfanin gona. Sai dai a Yelwa ake yin sa, inda fada take, inda kuma babbar hanyar Kwantagora zuwa Jega ta ratsa. Mutanen Ngaski sukan je a matsayin masu wasa da 'yan kallo, amma kuɗin masauki da na abinci a Yelwa yake zama.

Ba wai Warra ta rasa abin nunawa ba ne. Faɗin ruwan da ke gabanta, da jerin jirage ranar kasuwa, da tsuntsayen da suke sauka a fadamun Foge idan ruwa ya janye, da kufan ganuwar Birnin Yawuri, da al'adun Kambari da na Gungawa, duk abubuwa ne da baƙo zai so ya gani. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanya mai kyau, da masauki, da jirgin da mutum zai shiga hankalinsa kwance. Ga kuma tsargiya, wadda ta yawaita a gaɓoɓin tafkin tun da ruwa ya daina gudu, abin da yake sa wanka a bakin ruwa ya zama kasada ga baƙo da ɗan gida baki ɗaya.

3.6 Shekarar 2021

Abubuwa biyu da suka auku a cikin ƙasa da wata guda sun sa duniya ta ji sunan wannan yanki, amma ba ta hanyar da ake fata ba. Ranar 26 ga watan Mayu, 2021, wani jirgin katako ya tarwatse a tafkin tsakanin Warra da gaɓar Jihar Neja, ɗauke da mutane fiye da 150, cikinsu har da mata da yara masu yawa. Kimanin 20 kawai aka ceto da rai. Kwanaki aka yi ana tsamo gawawwaki ana kawowa Warra. Jami'ai sun danganta haɗarin da tsufan jirgin da kuma lodin da ya wuce kima, domin ban da mutane, an ce akwai babura da buhunan ƙasa daga wuraren haƙar zinariya. Irin wannan haɗari ba baƙo ba ne a tafkin, yawan waɗanda suka rasu ne ya bambanta shi. Matuƙa sun daɗe suna kuka da kututturan da aka bari tun 1968, waɗanda sukan ɓoye idan ruwa ya cika, su kuma fasa cikin jirgi idan ya fara janyewa.

Ba a gama zaman makoki ba, sai ranar 17 ga watan Yuni 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, suka kwashe ɗalibai da dama da wasu malamai. An yi ta sako su kashi-kashi, na ƙarshe daga cikin 'yan matan ba su dawo gida ba sai a shekarar 2023. A tsallaken ruwa kuma, 'yan bindiga sun samu maɓoya a cikin gandun dajin Kainji, har ziyarar da ake kai masa ta tsaya. Wato ke nan ko ɓangaren da ya ci moriyar yawon buɗe ido a shekarun baya ya rasa ta.

Bayan haɗarin jirgin, hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, wato HYPPADEC, wadda aka yi dokar kafa ta tun 2010 amma ba ta fara aiki ba sai bayan shekara goma, ta raba rigunan ruwa ga matuƙa da fasinjoji, ta kuma sa an fara sare kututture a hanyoyin jirage. Baƙin da suka ƙaru a ƙasar Ngaski a shekarun da suka biyo baya kuwa, mahaƙa ne da dillalan ma'adinai, waɗanda zinariyar wajejen Birnin Yawuri da ma'adinin litiyam na Libata suka jawo, kuma a kasuwar Warra da yawansu suke sayen abinci da mai.